Tsakanin Dosa Da Sinasir: Cin Abinci A Gidan Mutanen Nefal Da Kudancin Indiya

Da wuya a sami Bahaushen birni wanda zai ce bai san Indiya ba. Tun wajen shekarun 1960 ake nuna finafinanta a silimun Kano da Kaduna, har wasu samarinmu sun tsinci kalmomin Hindi a bakin 'yan wasa. Sai dai wannan sani na gefe guda ne, domin mafi yawan finafinan da iyayenmu suka kalla cikin harshen Hindi aka yi su, wanda harshen arewa ne. Jihohin kudu, irin su Tamil Nadu da Kerala da Karnataka, suna da nasu harsunan, wato Tamil da Malayalam da Kannada da Telugu, waɗanda ba su haɗa dangi da Hindi ba. Abincinsu ma daban yake.

Na ga wannan bambanci da idona a wani hutu da na raka kawuna fatauci zuwa Dubai. A unguwar Bur Dubai muka shiga wani ƙaramin gidan abinci mai sayar da girkin Nefal da na kudancin Indiya a rufi ɗaya. Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa kifi da kaska, tun da tsakanin Katmandu da Cennai akwai fiye da kilomita 1,500, ga ɗaya a gindin duwatsun Himalaya, ɗaya a bakin teku. Neman abinci ne ya haɗa su. Mutanen Kerala da na Nefal suna cikin masu yawa a ma'aikatan ƙasashen Larabawa, kuma kuɗin da 'yan Nefal ke aikawa gida ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tattalin arzikin ƙasarsu. Wani abin sha'awa shi ne, yaron da ya kawo mana abinci, ɗan Nefal, ya fi mai girkin, Batamile, gane 'yar Hindin da na gwada, saboda harshen Nefal ɗan'uwan Hindi ne, har rubutunsu ɗaya.

Kafin mu zauna kawu ya ce, "Ɗana, tambaye su wa ya yi yankan." Aka nuna mana shaidar halal. Duk da haka ya zaɓi abin da ba nama a ciki, kuma wannan bai yi wuya ba, don yawancin girkin kudu na hatsi ne da ganye.

Aka fara kawo dosa, mai faɗin faifai, sirara, an naɗe dankalin Turawa a cikinta. Ina kai loma baki na ji tsamin da na sani tun ina yaro. Ashe shinkafa ake jiƙawa tare da wani baƙin wake da suke kira urad, a niƙa, a bar ƙullun ya kwana ya tashi, kamar dai yadda matanmu ke yi wa ƙullun waina, sai dai su ba su cika sa yis ba. Daga irin wannan ƙullu suke turara idli, fari sol mai laushi. Idan aka zuba shi da kauri, aka barbaɗa albasa, ya zama uttapam, wanda in an ajiye shi a gidan biki a Maiduguri ba wanda zai ce ba sinasir ba ne. Har tanda suna da ita, mai gurabu, wadda suke toya paniyaram a ciki. Kawu ya juya ɗaya a hannu ya ce, "Wannan ai masa ce ta yi ƙaura."

Miyar da ke rakiya sunanta sambar, ta wake da tsamiya, kuma a cikinta na tsinci ƙwanson zogale an yayyanka shi kamar tsawon yatsa. Mu ganyen muke kwaɗantawa, mu bar ƙwanson ya bushe a kan bishiya. Su kuwa ɗanyensa suke dafawa, a tsotse tsokar a yar da ɓawon. Asalin zogale daga yankin Indiya yake, saboda haka ba mamaki in sun riga mu sanin sirrinsa. A ganina wannan dabara ta cancanci matanmu su gwada ta a miyar taushe.

Girkin Nefal bai kama ni haka ba. Momo, wanda suke alfahari da shi, ƙullin fulawa ne da ake cusa wa nama ko kabeji a turara, a ci da miyar tumatir da riɗi. A Katmandu naman ɓauna aka fi sawa, domin dokar ƙasar ta hana yanka saniya. Fatarsa ta yi mini santsi da yawa, kuma wani yaji nasu mai suna timur ya sa harshena ya yi ta zuga kamar na taɓa wayar lantarki. Abincinsu na yau da kullum, dal bhat, shinkafa da miyar wake, ya fi kwanta mini.

A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya tsaya mini a rai shi ne sunaye. Takardar jerin abincin ta fassara dosa da idli da kalmomin Turanci na fanke da kek, waɗanda ba su nuna tsami ko kwanan ƙullu ba. Hausa kuwa tana da ƙullu da tashi da tanda da turarawa, ko wace kalma ta faɗa gurbinta daidai. Da za a ɗora mini shigar da su ƙamus, da na ce uttapam sinasir ɗin Tamil ne, paniyaram wainarsu ce, idli kuma wainar da aka turara maimakon a toya. Momo ne kaɗai zan bari da sunansa, in bi shi da bayani, domin ɗanwake da aka kawo mini a matsayin kwatanci ba a cusa masa kome a ciki.