Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa Na Alƙahira: Daga Halwan Zuwa Marj

Baƙon da ya sauka a birnin Alƙahira ya ji ana ta zancen jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda Misirawa ke kira Metro, zai yi tsammanin cikin rami zai yini ba ya ganin rana. Amma in ya hau layi na farko daga tashar Halwan da ke can kudu, zai yi tafiya mai nisa yana kallon gidaje da masana'antu da shanyar tufafi ta taga kafin duhu ya rufe shi. Tsawon wannan layi kamar kilomita 44 ne, tashoshinsa 35, amma biyar kaɗai ke ƙarƙashin ƙasa. Sauran duka a sarari suke, domin asalin mafi yawansu tashoshin jirgin ƙasa ne na bayan gari, waɗanda suka girmi Metro da shekaru masu yawa.

A dā hanyoyin dogo biyu ne, kowace da harkarta. Ta kudu an shimfiɗa ta tun zamanin Khedive Isma'il, cikin shekarun 1870, don kai manyan mutane Halwan, inda akwai maɓuɓɓugan ruwan ƙibiritu da ake wanka da shi don neman lafiya. Daga baya aka kawo ƙarshenta Babul Luƙ, a tsakiyar birni, aka kuma sa mata lantarki cikin shekarun 1950, sa'ad da gwamnatin Jamal Abdul Nasir ta mai da Halwan garin ƙarfe da siminti. Ta arewa kuwa tana tashi ne daga Kubri Limun, dab da babbar tashar Ramsis, ta nufi Marj, wanda mutanen ƙasar ke faɗi Marg saboda yadda suke furta harafin jimun. Tsakanin bakin wannan da bakin waccan akwai tsakiyar Alƙahira, watau wurin da ya fi ko'ina cunkoso. Ma'aikacin da ke kwana a arewa yana aiki a kudu, tilas ya sauka daga jirgi, ya yi kokawar shiga bas, ko kuwa ya taka da ƙafa, sa'an nan ya sake sayen wani tikiti.

Shawarar da masana daga Faransa suka bayar a farkon shekarun 1970 ba ta da wuyar ganewa: a haƙa rami a ɗinke hanyoyin nan biyu su zama ɗaya. An fara aiki a 1982. Ramin bai cika kilomita 5 ba, amma ya ci shekara biyar, don kuwa ƙasar wurin jiƙe take da ruwan Kogin Nilu, ga bututun ruwa da wayoyi na tun zamanin Turawa a binne ko'ina. A watan Satumba na 1987 Shugaba Husni Mubarak ya buɗe kashi na farko, daga Halwan zuwa Ramsis. A 1989 aka haɗa shi da hanyar Marj bayan an sa mata lantarki, a 1999 kuma aka ƙara tashar Sabuwar Marj. Shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a duk nahiyar Afirka da ƙasashen Larabawa.

Mai karatu na iya tunawa da cewa a daidai wannan lokaci Legas ma ta ɗauko irin wannan aiki. Gwamna Alhaji Lateef Jakande ya ƙaddamar da shi a 1983, kuma ƙungiyar kamfanonin Faransa mai suna Interinfra, wadda ke cikin masu aikin Alƙahira, ita aka bai wa kwangilar. Gwamnatin soja ta soke shi a 1985. Sai a 2023 mutanen Legas suka fara hawa jirgin cikin gari, a 2024 kuma aka buɗe layin Agbado zuwa Oyingbo, wanda shi ma gefen tsohuwar hanyar reluwe ya bi. Tsakanin nan an haifi yara a Alƙahira, sun girma, sun yi aure, duk suna zuwa makaranta da wurin aiki a Metro.

Wanda ya tashi daga Halwan da sassafe zai sami wurin zama, abin da ba zai sake samu ba a gaba. Babbar masana'antar ƙarfen da ta tara jama'a a nan an rufe ta a 2021, amma mutanen ba su watse ba. Sai dai yanzu da yawansu arewa suke nufa neman abinci, ɗalibai kuma suna tahowa kudu zuwa jami'ar da ke Halwan. Jirgi ya bi tsakanin kogi da duwatsu, ya wuce Tura, inda mutanen Fir'auna suka sassaƙo farin dutsen da suka lulluɓe dalar Giza da shi, ya ratsa Ma'adi, unguwar itatuwa da gidajen baƙi masu hali. A tashar Mar Girgis, watau Waliyyi Jirjis, fasinja na iya hango hasumiyar tsohuwar ganuwar Rumawa daga kan dandamali. Nan ne tsofaffin majami'un Ƙibɗawa suke, kuma tafiyar 'yan mintoci kaɗan ce zuwa Masallacin Amru ɗan Asi, masallaci na farko da aka gina a Masar. Ba kowane jirgin ma'aikata ne ke tsayawa a ƙofar irin wannan tarihi ba, ko da yake mafi yawan waɗanda ke ciki ba sa ko ɗaga kai.

Bayan tashar Sayyida Zainab sai jirgi ya sunkuya ya shige ƙasa. Tashoshin ramin an raɗa musu sunayen shugabanni: Sa'ad Zaglul, Sadat, Nasir, Urabi. Ta biyar a dā sunan Mubarak take amsawa, amma bayan juyin 2011 aka kankare shi aka rubuta Shuhada. Tashar Sadat kuwa, da yake ƙarƙashin Dandalin Tahrir take, an rufe ta daga 2013 har 2015 saboda tsaro, jiragen suna wucewa ta cikinta ba sa tsayawa. A nan cikin rami ne ake sauya layi. Layi na biyu, wanda aka fara buɗewa a 1996 yake kuma bi ta ƙarƙashin Nilu zuwa Giza, yana gamuwa da na farko a Sadat da Shuhada. Na uku, na 2012, yana gamuwa da shi a Nasir, kuma yana bi ta Ataba da Abbasiyya.

Shuhada ita ce cibiya. A samanta tashar Ramsis take, inda jiragen Iskandariyya da na Aswan da na ƙauyukan bakin Nilu ke juye jama'a dare da rana. Mutumin ƙauye da buhunsa, da soja mai komawa bariki, da ma'aikacin ofis, duk matakala ɗaya suke bi. Da safe da kuma bayan la'asar, mutum ba ya shiga tarago da ƙafarsa, jama'a ke ɗaukarsa su shigar da shi, haka kuma za su fitar da shi in bai yi hankali ba, ko da ba tasharsa ba ce. Don haka aka keɓe wa mata taragai a tsakiyar kowane jirgi, kuma namijin da ya faɗa ciki bisa kuskure ba ya bukatar ɗan sanda ya gaya masa. Masu tallan alƙalami da safa da abin jin sauti na waya suna ratsawa suna kirari. Da bazara, a tsofaffin taragan da fanka kawai gare su, kowa addu'a yake yi Allah ya kawo mai na'urar sanyi.

Laifin ba na ramin ba ne. Hanyar da aka yi wa unguwannin bayan gari ita ce ta ja mutane suka cika bayan garin, har gonakin Marj da dabinonsa suka zama benaye na jan bulo, manne da juna. Mutanen Alƙahira da kewayenta yanzu sun haura miliyan 20, gwamnati kuwa hankalinta ya fi karkata gabas, inda aka buɗe jirgin lantarki a 2022 daga tashar Adli Mansur ta layi na uku zuwa sabon babban birnin da ake ginawa cikin hamada.

Daga Shuhada jirgi ya sake fitowa haske, ya bi ta Gamra da Dimirdash da Matariyya, inda wani dogon ginshiƙin dutse na zamanin Fir'auna Sanusret na Ɗaya yake tsaye har yau a tsakiyar unguwar talakawa, sa'an nan Ainu Shams. A Sabuwar Marj wayar lantarki ta ƙare, amma tafiyar mutane da yawa ba ta ƙare ba. Wasu su nemi tsohon jirgin reluwe mai zuwa Shibinul Ƙanaɗir, wasu su faɗa ƙananan bas-bas da keke mai ƙafa uku da ke jere a bakin tasha, yaran mota suna ta kiran sunayen ƙauyukan Ƙalyubiyya.