Jirgin Yaƙi a Tafin Hannu

Akwai wani aikin hannu wanda ba kasafai ake ganinsa a ƙasashenmu ba, shi ne harhaɗa ƙananan jiragen sama na roba, a shafa musu fenti har su yi kama da jiragen da aka yi yaƙi da su a dā. A Turai manya da yara suna yinsa, har akwai shagunan da ba sa sayar da kome sai kayansa. A nan Ekoudou kuwa, unguwar Hausawa ta Yawunde wadda aka fi sani da Briqueterie, abin da aka san mutane da shi ɗinki ne da tsire da fatauci. In aka ga magidanci ya sunkuya a kan fiffiken roba da ɗan buroshi, sai a ce ko yarinta ce ta dawo masa. Ni dai na fi shekara goma ina wannan aiki, a daren Litinin da ba ni da ajin katikisma, ina kuwa so in gaya wa 'yan'uwa masu karatu abin da na tarar a cikinsa.

Jirgin yakan zo a kwali, gunduwa gunduwa, kowane yanki maƙale a jikin sandar roba kamar ganye a reshe. Akwai takarda mai zane da ke nuna wanda za a fara da shi da wanda zai biyo baya. Awon da aka fi yi shi ne 1 bisa 72, watau inci ɗaya na ƙaramin jirgi a madadin ƙafa shida na babban. Jirgin Ingila mai suna Hurricane, wanda faɗin fikafikansa ya kai mita 12, sai ya dawo santimita 17. Blenheim mai inji biyu, mai mita 17, ya dawo santimita 24. Jirgin fari da kamfanin Airfix na Ingila ya fitar shi ne Spitfire, Faransawa kuma suna da nasu kamfanin, Heller. Ban taɓa sayen sabon kwali a kanti ba. Wasu na tsince su cikin kayan gwanjo a kasuwar Mokolo, a tsakanin 'yan tsana da motocin yara, wasu kuma wani fada ne ya riƙo mini sa'ad da ya komo daga hutu.

Kayan aikina ba su da yawa: reza, samfefa mai laushi, tsinken sakace, hantsaki, da robar ɗaure kuɗi domin matse ɓarin jirgi biyu har su kama. Gam ɗin wannan aiki ba manna roba yake yi ba, narkar da bakinta yake yi kaɗan har yanki biyu su zama ɗaya. Saboda haka da bakin tsinke ake ɗiga shi. In ya taɓa gilashin wurin matuƙi, gilashin ya yi hazo ke nan har abada. Iskar Yawunde ma ba ta taimako. A ruwan Satumba da Oktoba fenti yakan kwana biyu bai bushe ba, da rani kuma jan ƙurar garin nan takan sauka a kan ɗanyen fenti, sai an kife jirgin da kwanon sha. Wannan duka haƙuri ne kawai, wanda ya iya sa zare a allura zai iya.

Wurin fenti ne maganar take. Takardar cikin kwali takan ce a shafa kore da ruwan ƙasa a sama, a manna lambobin wata runduna da ta tsare sararin Ingila a 1940. Haka na yi ta yi da fari, ina tsammani yaƙin nan nasu ne can, mu labarinsa kawai muka ji. A makarantar mishan an koya mana sunan Janar Leclerc, ga kuma babbar makaranta a garin nan da sunansa, amma ba wanda ya ce mana jiragen nan sun bi ta kan rufin kakanninmu. Neman launin da ya dace da wani Hurricane ne ya kai ni ga littattafan tarihi, a can na ga sunan Kano.

Ga yadda abin ya faru. A watan Yuni 1940 Faransa ta faɗi a hannun Jamus, Italiya kuma ta shiga yaƙi, Bahar Rum ta zama hanya mai hatsari ga jiragen ruwan Ingila. Sojojinta da ke Masar kuwa suna bukatar jiragen sama. Sai aka yi dabara. Aka riƙa ɗauko jiragen a cikin manyan akwatunan katako, gunduwa gunduwa, ta teku zuwa Takoradi a ƙasar da ake kira Gana yanzu. A can aka harhaɗa su, kamar yadda nake yi a kan teburina, sai dai nasu na gaske ne. Daga Takoradi su tashi zuwa Ikko, daga Ikko zuwa Kano, sa'an nan Maiduguri, Fort-Lamy wadda ita ce Njamena ta yau, El Fasher, Khartum, har Alƙahira. Tafiyar wajen kwana shida ce. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba 1940, Blenheim ɗaya a gaba domin yana da mai duba hanya, Hurricane shida a bayansa kamar 'yan tsaki. Kafin a daina, jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Kanawa ba baƙin jirgi ba ne, gama tun 1925 jiragen sojan Ingila uku suka sauka a garinsu, amma ba su taɓa ganin irin wannan zirga-zirga ba.

Da ba domin Cadi ba, da hanyar ba ta yiwu ba. Nijar a lokacin, da Damagaram da Maraɗi duka, tana hannun gwamnatin Vichy mai bin Jamus. Gwamnan Cadi, Félix Éboué, baƙar fata ne haifaffen Giyana ta Faransa, shi ne ya bi Janar de Gaulle ran 26 ga Agusta 1940. Kashegari Leclerc, wanda ya ƙetaro da kwalekwale da dare tare da mutane ashirin da 'yan kai, ya karɓi Duwala, Yawunde ta biyo baya cikin 'yan kwanaki. Ka ga ashe garin da nake zaune, da garin da maƙwabtana suke kira gida, igiya ɗaya ce ta ɗaure su a wannan yaƙi.

Da na san haka sai fentina ya sāke. Jiragen da suka bi ta Kano an shafa musu farin fenti a bayan jiki da saman wutsiya, domin in inji ya mutu jirgi ya sauka a daji, masu nema su hango shi daga sama. A ƙarƙashin hancin Hurricane kuma an ƙara wani babban matacin iska mai kama da haɓar tsoho, saboda rairayi yana cin inji. Kwalin da na samu ba shi da wannan matacin, na sassaƙa shi da guntun roba da samfefa, ya ci mini dare uku. Sa'an nan akwai ƙura. Jirgin da ya sha rana da hazo ba ya ƙyalli. Nakan kankare allin makaranta da ɗan toka, in goga da busasshen buroshi a ƙafafu da gindin fikafikai. Ƙasar Yawunde ba ta yi, ta cika ja. Ƙurar Kano da ta Njamena fari-fari ce, duk wanda ya yi hunturu a arewa ya sani. Wani direban babbar mota ya taɓa kawo mini rairayin Kusseri a kwalbar magani, har yanzu da shi nake aiki.

Jirgin da ya fi ba ni tunani shi ne Blenheim na Faransawan de Gaulle. A ƙarshen 1940 an kafa rundunar irin waɗannan jirage a Fort-Lamy, su ne suka je jefa bom a Kufra, wani zango a hamadar Libiya da Italiyawa suke riƙe da shi, nisan wajen kilomita 1,600. Leclerc ya ci Kufra ran 1 ga Maris 1941. Ɗaya daga cikin jiragen ya ɓata a hanyar komowa a watan Fabrairu, ba a gan shi ba sai 1959, da mutanensa uku a mace kusa da shi. Alamar wannan runduna gicciye ne mai sanda biyu a gicce, wanda ake kira gicciyen Lorraine. Na zana shi ja a kan fari, a kowane gefe na jikin jirgin.

Maƙwabcina tela, dattijo ne Musulmi wanda muka yi shekaru muna shan inuwa ɗaya, ya ɗauki jirgin yana juya shi a hannu. Ya ce, "Malam, wannan ba gicciyenku ba ne?" Na ce, "Shi ne, Alhaji, amma soja ne suka ara." Ya ce, "To, wanda bom ya faɗo wa, wa zai gaya masa aro ne?" Ya ajiye, ya koma kan kekensa.

Tambayar tana da nauyi, har yanzu ina juya ta. Faransawan nan sun ɗauki gicciyen ne a 1940 domin ya tsaya gaba da alamar Hitler, ni kuwa ba na shakka cewa tsayayya da Hitler daidai ne. Amma jirgin Jamus mai suna Heinkel 111, wanda ya ƙetare hamada a watan Janairu 1942 ya jefa bom a filin jirgin Fort-Lamy ya ƙone man da aka tara, shi ma da baƙin gicciye a fikafikansa. Mai harbi da wanda ake harbi, kowa da nasa. A Kufra kuma, cikin waɗanda suke ƙarƙashin bom ɗin akwai sojojin Libiya da Italiya ta ɗauka aiki, Musulmi, waɗanda ba su san Lorraine ba balle abin da ya haɗa ta da Jamus. Wani ɗan'uwa a ikilisiya ya ba ni shawara in bar wurin ba alama, kada ya zama abin tuntuɓe. Ban yarda ba. Gicciyen yana jikin jirgin a 1941, in na share shi na yi wa tarihi ƙarya domin in ji daɗi. Abin da na yi shi ne na raba musu wuri. Jiragena suna cikin kabad a ɗakin baya. Gicciyen da muke durƙusawa a gabansa yana bangon falo. Sa'ad da yaran ajin katikisma suka zo kallo, Blenheim ɗin nake fara nuna musu, in tambaye su bambancin wanda aka kashe a kan gicciye da wanda ya zana shi ya tafi kisa. Sukan yi gardama sosai, wasu suna goyon bayan matuƙan, ina kuwa barinsu su yi.

Akwai kuma abin da kwali ba ya kawowa. A cikin kowane kwali za ka sami ɗan mutum guda ko uku, matuƙa, tsawon kowannensu bai fi gaɓar yatsa ba, takarda kuma ta ce a shafa wa fuskarsu launin fatar Bature. Shi ke nan mutanen. Ba lebura ko ɗaya. Alhali kuwa hannun 'yan ƙasa ne ya share filayen Kano da Maiduguri ya daɓe su, su suka mirgina gangunan fetur, su suka yi gadi. Mutanen Leclerc a Kufra wajen 400 ne, mafi yawansu kuwa 'yan Afirka ne, daga Cadi da Kamaru da maƙwabta. A kudancin ƙasar nan an tilasta wa ƙauyuka shiga kurmi neman ɗanyen roba domin tayoyin yaƙi, kowane gari da awon da zai kawo. Nakan tuna da wannan in na riƙe tawa robar, ko da yake tawa daga man fetur aka yi ta. Sa'ad da rundunar Leclerc ta shiga Paris a watan Agusta 1944, an riga an cire baƙaƙen sojoji daga cikinta tun a arewacin Afirka. Kwalin bai yi wani sabon abu ba.

Saboda haka na koyi yin mutane. Nakan lanƙwasa siririyar waya in yi ƙashi, in lulluɓe da takardar shayi da gam, in yi musu gajeren wando da 'yar shara. Mutum mai tsawon ƙafa shida inci ɗaya ne cif. Gangar fetur kuwa guntun bututun biro ne. A ƙarƙashin Hurricane mai farar wutsiya yanzu akwai mutum biyar suna tura ganga, da wata mai tallar fura a gefe ta ɗora hannu a goshi tana kallo. Ba su yi kyau kamar na kamfani ba, kawunansu sun yi girma. Amma yara su suke fara nunawa da yatsa, ɗaya ma ya rantse mai furar kakarsa ce.

Kwali guda ne ban buɗe ba. Jirgi ne na Amurka mai suna T-6, wanda aka ƙera domin koyar da matuƙa, Faransa ta ɗaura masa bindigogi da rokoki. Da irinsa aka yi ta kai hari a ƙasar Bamileke wajen 1960, lokacin da ake yaƙar 'yan UPC, ƙauyuka da yawa suka ƙone. Sai a 2025 shugaban Faransa, Emmanuel Macron, ya amsa a rubuce cewa yaƙi ƙasarsa ta yi a Kamaru. A cocinmu akwai tsofaffi daga yamma waɗanda suka kwana a daji suna yara saboda ƙarar wannan jirgi, ɗaya daga cikinsu ita ce take share mana bagade kowace Asabar. Na san launin da ya kamata, na san inda tambarin Faransa yake zama a fiffike, kwalin kuwa cikakke ne, ko farfela bai ɓata ba. Yana saman kabad shekara huɗu ke nan, da ledarsa.