Ranar Da Kwamfuta Ta Manta Da Fakis

A wani daren Alhamis cikin watan Agusta na shekarar 2011, wani magidanci mazaunin birnin Landan ya zauna gaban kwamfutarsa, ya biya kuɗi, ya sauke sabuwar babbar manhaja wadda kamfanin Apple ya fitar ranar 20 ga watan Yuli na wannan shekara, aka raɗa mata suna Lion, watau zaki. Shi dai wannan bawan Allah aikinsa fassarar takardu ne, a gida yake yi, kuma tare da shi akwai mahaifiyarsa, tsohuwa wadda wani gyambo a ƙafa ya hana ta fita. Ya ga ana ta yabon sabuwar manhajar, ana lissafa abubuwan da ta zo da su, sai ya ce shi ma ba za a bar shi a baya ba. Ya kwanta barci yana murna.

Kashegari da hantsi ya ɗauko wata takarda wadda lalle ne ta isa asibitin da ke lura da tsohuwar kafin ƙarfe biyar na yamma. Takardar neman a turo ma'aikaciyar jinya ce, ta zo gida ran Asabar da Lahadi ta wanke gyambon. Ka'idar asibitin kuwa ita ce, takarda mai sa hannu ko dai a kai ta da ƙafa, ko kuma a aiko ta fakis. Ba su karɓar ta ta imel. Wannan bai taɓa damunsa ba, domin shekaru da dama yana da wata 'yar farar na'ura, ba ta fi tsawon yatsa ba, wadda ake kira modem. Ya kan soka kai ɗaya jikin kwamfuta, ɗayan kuma jikin wayar tarho, sa'an nan ya aika da takarda kamar dai zai buga ta a firinta.

Ran nan ya soka, shiru. Ya cire ya sake sokawa, ya kashe kwamfutar ya kunna, ya ɗaga kan tarho ya ji layi lafiya lau. Na'ura tana nan garau, waya tana nan garau, amma kwamfutar ta yi kamar ba ta taɓa ganin modem ɗin ba a duniya.

Daga ɗaki tsohuwa ta ɗaga murya, ta ce, "Ka aika musu kuwa?"

Ya ce, "Yanzun nan, Mama."

To, abin da ya faru ba tsafi ba ne. Ita kwamfuta ba ta san komi ba sai lissafi, shi kuwa layin tarho ba ya ɗaukar komi sai sauti. Aikin modem shi ne ya mai da lissafi sauti, irin kukan nan mai kama da na gyare da akan ji idan fakis ya kama. Amma kafin kwamfuta ta iya ba modem umarni, sai akwai wata ƙaramar manhaja a tsakaninsu wadda ke zaman tafinta. Tafintan wannan modem an rubuta shi ne bisa tsohon tsari mai lamba 32, ita kuwa Lion ta karkata ga sabon tsari mai lamba 64, kuma ba a rubuta masa sabon tafinta ba. Kamfanin ya fara sayar da modem ɗin a 2005, ya daina a 2009, saboda haka a wurinsa zance ya riga ya ƙare. A wurin mai fassara da mahaifiyarsa kuwa zance bai ƙare ba, tun da yake asibiti na can yana jiran takarda.

Sai bayan azahar ya gane haka, bayan ya ɓata awa uku yana bincike. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, maganar ba ɓoyayyiya ba ce, waɗanda suka riga shi sabuntawa sun yi ta kuka a kanta makonni kafin nan. Shi ne dai ya karanta jerin abin da za a ba shi, bai nemi jerin abin da za a karɓe masa ba. Rashin sani, in ji masu magana, ya fi dare duhu.

Asibitin yana da nisa, sai an shiga bas biyu, ga shi kuma ba a barin tsohuwa ita kaɗai tsawon lokaci. Ya roƙi wata maƙwabciya ta zauna da ita, ya naɗe takarda ya fita. Kantin farko mai shi ya yi dariya, ya ce ai nasa injin tun bara ya zubar. Na biyu a rufe. A na uku ne, wani ɗan kantin jaridu da kayan rubutu, wani dattijo ya janye kwalaye daga kan wani inji mai ƙura, ya ce, "Yallaɓai, ka yi sa'a, har yanzu yana numfashi." Injin ya ja takarda a hankali, ya yi kukansa na gyare, ya tofo 'yar shaidar isar saƙo. Saura minti goma ƙarfe biyar ta cika. Ran Asabar da safe ma'aikaciyar jinya ta ƙwanƙwasa ƙofa.

A hanyarsa ta komawa gida ya yi ta juya al'amarin a zuciya. Shi fakis, wanda ake yi wa kallon kayan jiya, ya girmi tarho kansa. Tun a 1843 wani maƙerin agogo ɗan Sikotlan, Alexander Bain, ya yi rajistar dabarar aika hoton rubutu ta waya, kuma a 1865 har an fara aika saƙonni tsakanin Faris da Liyon da injin wani ɗan Italiya, Giovanni Caselli. Tarho bai bayyana ba sai a 1876. A 1980 aka amince da wata ka'ida ta duniya wadda ta sa injin kowane kamfani yana iya magana da na kowane, daga nan fakis ya cika ofisoshi. Ƙarfinsa ke nan: kowa yana da shi, kowa ya yarda da shi, likita da lauya sun gina ka'idojinsu a kansa. Abin da aka gina haka ba ya rushewa don mutum ɗaya ya sabunta kwamfutarsa a dare ɗaya.

Nan ya fahimci abin da bai taɓa kawowa a ransa ba, cewa kayan sadarwa ba kamar riga ba ne, wadda mai ita zai tuɓe ran da ya ga dama. Kowace waya kai biyu gare ta. Mai ƙera kwamfuta yana da hujjarsa, domin ba zai yi ta ɗaukar nauyin kowace tsohuwar na'ura har abada ba. Asibiti ma yana da tasa hujjar, domin ba a sauya hanyar da ta shafi asirin majiyyata da gaggawa. Amma idan ɗaya ya yi gaba, ɗaya ya tsaya, wanda ke tsakiya shi ke shan wuya, kuma sau da yawa shi ne mai ƙaramin ƙarfi, wanda ba shi da ma'aikacin da zai duba masa.

Bayan mako guda ya sayi modem na wani kamfani dabam, wanda Lion ta yarda da shi, aiki ya ci gaba. Da aka fitar da manhajar Sierra a 2016, wadda ta cire aika fakis ta modem ɗungurungum, bai yi garaje ba. Ya fara tambaya, ya ji abin da za a rasa, sai ya bar tsohuwar kwamfutar yadda take, ya keɓe ta domin wannan aiki kaɗai. Abokansa suna yi masa ba'a, shi kuwa ya kan ce da tsohuwar zuma ake magani.

Sai a watan Disamba na 2018 Sakataren Lafiya na Birtaniya, Matt Hancock, ya ba da sanarwar hana asibitocin gwamnati na Ingila sayen sababbin injinan fakis daga Janairun 2019, da nufin a daina amfani da su zuwa ƙarshen Maris na 2020. Watau fiye da shekara bakwai ke tsakanin ranar da kwamfutarsa ta saki nata kan wayar da ranar da aka umarci asibiti ya saki nasa. A duk tsawon waɗannan shekaru akwai masu jinya, akwai takardu, akwai ƙarfe biyar na yammacin Juma'a.

Tsohuwa ta rasu kafin wannan sanarwa ta fito. 'Yar farar na'urar tana nan cikin aljihun teburinsa, tare da shaidar isar saƙon nan ta kantin jaridu, wadda rubutunta ya koɗe har ba ya karantuwa. Duk sa'ad da kwamfuta ta nuna masa cewa sabuwar manhaja ta fito, ya kan ja aljihun ya dube su, sa'an nan ya shiga neman jerin abin da za a karɓe masa.