Jerin Waɗanda Ba Sa Babban Gida

Daƙiƙa biyar kacal Jorge Masvidal ya ɗauka ya kunyata ni a gaban Yaya. A watan Yulin 2019 ne, gab da asuba a agogonmu, muna zaune kan tabarma mun jingina waya da buta. Na shafe shekaru ina cika baki a kan Ben Askren: ya riƙe kambun Bellator, ya koma ONE Championship a Asiya ya riƙe nasu, ya shigo UFC ba a taɓa doke shi ba. Alƙali na ba da izini, Masvidal ya sheƙo a guje ya yi tsalle ya sa masa gwiwa a ka. Askren ya zube kamar buhun gero. Yaya bai ko yi dariya ba. Ya ɗauki butar zai yi alwala, ya ce, "To, malam mai lissafi, ga gwaninka nan."

Lissafin da yake nufi wani jeri ne da nake ajiyewa a waya: sunayen 'yan faɗan MMA, wato faɗan keji da ke haɗa naushi da shuri da kokawa, na ajin kilo 77 da ake kira welta, amma waɗanda ba sa ƙarƙashin UFC. UFC tana fitar da jerin gwanayenta. Na wajenta kuwa a lokacin sun warwatsu a Bellator da PFL a Amurka, KSW a Poland, ONE a Singafo. Ra'ayin Yaya gajere ne: duk wanda ya isa, yana babban gida. A shekarar ma yana da abin nunawa, domin a watan Maris Kamaru Usman, haifaffen Auchi, ya ƙwace kambun ajin daga hannun Tyron Woodley.

Wahalar jerin ita ce mutanen ba sa haɗuwa. Kwantiragi ya ɗaure kowa a gidansa. Ko ma'aunin ba ɗaya ba ne, don abin da ONE ke kira welta ya kai kusan kilo 84. Saboda haka na kafa wa kaina tambayoyi uku a kan kowane suna: wa ya doke, ta yaya ya doke shi, kuma yaushe. Sannan in nemi waɗanda suka taɓa tsallaka daga gida zuwa gida, in yi awo da su.

Rory MacDonald na cikinsu. A 2015 ya nemi kambun UFC a hannun Robbie Lawler, suka yi faɗan da har yau ake labarinsa. Ya koma Bellator, ya karɓe kambu daga Douglas Lima a Janairun 2018 da hukuncin alƙalai, Lima ya ƙwato abinsa a Oktoban 2019. Wannan ya ba ni damar cewa Lima ba ƙaramin kai ba ne. Akwai kuma Roberto Soldić na Kuroshiya, wanda suka yi karo biyu da Dricus du Plessis a KSW a 2018, kowa ya ci ɗaya. Da du Plessis ya zama zakaran UFC a ajin da ke sama a Janairun 2024, na tura wa Yaya bidiyon yadda Soldić ya taɓa kwantar da shi. Amsarsa ta zo nan take: "Shi Soldić ɗin yana ina?" Ban iya cewa komai ba, don a Mayun 2023 Zebaztian Kadestam ya kashe shi a ONE, kisa irin na gidan dambe.

Jerin da na fi alfahari da shi na farkon Nuwamban 2023 ne. Na sa Yaroslav Amosov a sama, sai Jason Jackson ɗan Jamaika, sai Magomed Magomedkerimov wanda ya lashe gasar PFL ta 2018 da dala miliyan ɗaya, sai Logan Storley. Ban yi shakkar na ɗaya ba. Amosov ya yi faɗa 27 ba a doke shi ba. Ya karɓi kambun Bellator daga Lima a Yunin 2021. A 2022 an tsara zai kare shi da Michael Page a Landan, sai Rasha ta afka wa Ukraine, ya ajiye safar hannu ya tsaya kare ƙasarsa. A Fabrairun 2023 ya dawo a Dublin ya mamaye Storley turmi biyar cur. Ranar ce kaɗai Yaya ya ce, "Wannan kam namiji ne."

Jerin bai yi wata guda ba. Ranar 17 ga Nuwamba, a Chicago, Jackson ya kashe Amosov a turmi na uku. Kwanaki kaɗan bayan haka aka sanar PFL ta sayi Bellator ɗungurungum. Na ɗayana ya faɗi, gidan ma ya canza hannu.

Na daɗe kafin in yarda cewa wannan gardama ta fi ƙarfin keji. Yaya yana aiki a Abuja. Ni ina koyarwa a wata ƙaramar makaranta a garinmu, kuma shekara da shekaru yana cewa in tattara in biyo shi, kada in ƙare a inda ba mai ganina. Duk lokacin da na kare Lima ko Amosov, akwai ɗan kaina a ciki. Shi ya sa gwiwar Masvidal ta yi mini zafi haka.

Gaskiya kuma, Yaya yana da rabin gaskiya. A UFC ko na goma sha biyar a jeri zai iya ba zakara wuya, abin da ba a cika samu a sauran gidajen ba. Wanda bai shiga can ba, tambaya na nan rataye a wuyansa, kuma jerina ba zai sauke masa ita ba. Abin da na ƙi yarda da shi ɗaya ne: a ce tunda ba a gwada mutum a babban gida ba, ba a ma buƙatar duba abin da ya yi a inda yake. Nasarori 27 na Amosov, a kan mutane masu rai ya same su.

A Yunin 2024 Ramazan Kuramagomedov ya doke Jackson a Dublin ya karɓi kambun. Ban tura wa kowa saƙo ba. Da hantsi sai ga na Yaya: "Malam, wa ka ɗora a sama yanzu?"

Na ce, "Yaya, ai ka ce ba ka kallon ƙananan gidaje."

Ya ce, "Ba na kallo. Turo mini jerin dai."