Nima, inda gwanin Damagaram ya koma ɗan koyo

A ƙarshen shekara ta 2022 na sauka birnin Akra, bayan kwana biyu cikin mota daga Yamai ta Wagadugu da Paga da Tamale da Kumasi. Ziyarar ƙanena ce ta kai ni. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana aikin lantarki a Damagaram, da shagonsa da yaransa uku, kafin bashi da ƙarancin aiki su sa ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya nufi bakin teku. A unguwar Nima na same shi.

Nima zango ce, wato mazaunin baƙi. Lungunanta matsattsu ne, rufin kwano ya yi tsatsa saboda iskar teku, kuma ranar Laraba, ranar kasuwa, ko allura ka jefa ba ta samun wurin faɗuwa. Daga tudu ana hango hasumiyoyin babban masallacin Kanda da aka buɗe a 2021. Hausa ce harshen ciniki, amma Hausar da ba ruwanta da namiji ko tamata: sai ka ji dattijo ya ce matarsa ya tafi kasuwa, ba mai dariya. Da safe koko da ƙosai ne kamar gida. Ni ina kallon rumfuna, shi kuwa ƙanena idonsa na sama, inda wayoyi suka sarƙe kamar saƙar gizo.

Washegari na bi shi aiki. Muka fara da shagunan kayan wuta na Ofera Sukwaya, cikin tsohon gari, nan ne na gane cewa har sunayen kayan aikinsa sun sauya. Turnabis ya zama sukudireba, kontar ya zama mita, firiz ya zama soket. Ƙarfin wutar kusan ɗaya ne, volt 220 wajenmu, 230 wajensu. Sai dai mu Faransa muka gada, su kuwa Ingila. Soket ɗinmu ramu biyu ne masu zagaye. Nasu uku ne masu kusurwa, da makunni a jiki, kuma cikin kan wayar da ake sokawa akwai ɗan fis na amfiya 13.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya kusa kashe shi wani ne dabam. A tsarin Faransa waya takan fito daga akwatin rarraba wuta, ta bi soket ɗaya bayan ɗaya, ta ƙare a na ƙarshe. A tsarin Ingila kuwa sau da yawa takan zagaye ɗakuna ta komo akwatin da ta fito, kamar zobe, wuta na shigowa ta ɓangare biyu. A watansa na farko, cikin wani gida da ba a so a kashe masa wuta, ya cire waya daga soket ɗin da ke gaba, ya ɗauka sauran layin ya mutu. Bai sa abin gwaji ba, don shekara goma sha ɗaya ta ba shi tabbaci. Ya nuna mini tabon a tafin hannunsa na dama. Launi ma ya rikita shi: a tsofaffin gidajen Akra jar waya ce mai wuta, baƙa ba ta da ita, alhali a gida shuɗiya ce marar wuta, baƙa kuwa abin tsoro ce.

Sannan ga maganar takarda. Bisa dokar ƙasar Gana ta 2011 kan sa wayar lantarki, sai wanda ya ci jarrabawar Hukumar Makamashi ne ke da ikon sa hannu a kan aikin gida kafin kamfanin wuta ya ɗaura mita. Shaidar da ya zo da ita daga gida, da Faransanci take, ba ta buɗe masa wannan ƙofa ba. Saboda haka shi ke fasa bango, shi ke jan waya, shi ke haɗa akwati, wani saurayi mai takarda ya zo da maraice ya duba, ya buga hatimi, ya ɗauki kaso mafi tsoka. Na ji ƙanena, wanda yara uku ke kira maigida a Damagaram, yana ce wa yaron nan maigida. Raina ya ɓaci. Amma da na tuna tabon hannunsa da wayoyin da ke bisa rufin Nima, sai na kasa ganin laifin dokar.

Aiki dai akwai shi. Ƙasar da ta gina madatsar Akosombo tun 1965 ta sha duhu tsakanin 2012 da 2016, lokacin da suka laƙaba wa suna dumso, wato kashe-kunna da harshen Tuwi. Tun daga nan masu hali suka saba da janareto da batir da faifan hasken rana, kuma kowane ɗayansu na bukatar mai haɗa shi. Tsofaffin zango dai, waɗanda suka ga korar baƙi ta zamanin Busiya a 1969, kullum shawararsu gare shi ɗaya ce: ya gyara takardunsa tun ana zaman lafiya.

Daren da zan taso na farka wajen ƙarfe biyu, na tarar da shi zaune bisa tabarma da littafin dokokin waya na Turancin Ingilishi, wani ɗan makarantar gidan yana fassara masa layi-layi, yana gyangyaɗi. Ya ce: «Yaya, idan ka isa, kada ka ba Inna labarin hannun.» Na ce to. Ya ba ni kuɗin sefa cikin ambulan in kai mata, da makullin tsohon shagonsa in mayar wa mai gidan.