Tulun da Ke Bisa Wuyanka

Bari in ba ka labarin wata Lahadi da na kasa juya wuyana in dubi mawaƙa. Ina tsaye a kan mumbari sai zafi ya taso daga ƙeya ya gangara kafaɗar dama, yatsuna biyu kuma suka mutu kamar ba nawa ba. Da ƙyar na kai ƙarshen wa'azi. A daren nan barci ya ƙaurace mini, ina ta tunanin abin da zai rage na hidimata idan hannun nan ya shanye.

Da na je asibiti, likita ya nemi in nuna masa yadda nake zama idan ina shirya wa'azi. Na nuna masa: littafi a cinya, waya a hannu, haɓa a ƙirji. Tun ina makarantar tauhidi haka nake karatu. Ya ce, "Baba Fasto, nauyin kanku yana nan yadda yake, mazauninsa kuka sauya."

Ga abin da na fahimta. Kan babban mutum yana da nauyin kusan kilo 5, yana zaune a kan ƙasusuwan wuya guda 7, da faifan guringuntsi a tsakanin yawancinsu. Idan kunne yana daidai saman kafaɗa, nauyin yana sauka kai tsaye ta ƙashin baya, tsokokin wuya kuma aiki kaɗan suke yi. Da zarar kai ya zarce gaba, dole tsokokin bayan wuya su riƙa jansa don kada ya faɗi, wannan jan kuwa yana ƙara danne ƙasusuwan da faifan. A shekarar 2014 wani likitan tiyatar ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya lissafa cewa sunkuyon digiri 15 yana ɗora wa wuya kamar kilo 12, na digiri 30 kamar kilo 18, na digiri 60 kuwa kamar kilo 27. Ka ga ke nan mai duban waya a cinyarsa yana iya ɗora wa wuyansa fiye da nauyin jarkar ruwa mai lita 25.

Ina jin haka sai na tuna mahaifiyata. Takan naɗa gammo, ta aza tulu cike da ruwa, ta taho daga rafi tana hira da sauran mata. Ba ta taɓa sunkuyawa da tulu a kanta ba, domin ta san in ya karkata kaɗan, wuya ne zai biya. Ita da ba ta shiga aji ba ta riƙe abin da ni mai tarin littattafai na manta.

Luka ya ba mu labari a sura ta 13 na wata mace da ta shekara 18 a tanƙware, ba ta iya miƙewa. Ka yi tunanin abin da idonta ya saba gani: ƙasa da ƙafafun mutane. Yesu ya gan ta a majami'a ran Asabar, ya kira ta, ya ɗora mata hannu, ta miƙe tana ɗaukaka Allah. Ita ba ta zaɓi tanƙwararta ba. Ni kuwa da hannuna na tanƙwara kaina, na kuma gane cewa haka nake yi da damuwata. Kuɗin makarantar yara, rashin lafiyar matata da saɓanin dattawan ikkilisiya kaya ne na gaske, amma tsawon lokacin da na ɗauka ina sunkuye a kansu ni kaɗai, ban kai su gaban Ubangiji ba, shi ya ninka nauyinsu.

Kada ka ji tsoron sunkuyar da kai cikin addu'a. An halicci wuya domin motsi, daɗewa a wuri ɗaya ne ke gajiyar da shi. Yanzu nakan jingina littafina a kan abin da zai ɗaga shi, in kai waya kusa da tsayin idona, in tashi in taka lokaci lokaci, in ja haɓata baya a hankali har kunne ya koma saman kafaɗa. Bayan wasu watanni yatsuna suka dawo daidai. Idan kai ma ka ji hannunka yana mutuwa ko ƙarfinsa yana raguwa, ka je wurin likita ba tare da jinkiri ba.

Kafin ka juya wannan shafi, ka lura da inda haɓarka take. Ka ɗaga littafin, ka daidaita tulunka, sa'an nan ka faɗa wa Ubangiji sunan kayan da ka daɗe kana sunkuye a kansa. Allah ya ba mu alherin miƙewa. Amin.