Ciwon haƙori ba a yi masa jarumta

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu, yau maganar haƙori zan yi, don abin ya fara damuna. Ina shekara ta biyar a sashen likitancin haƙori a nan Ibadan, kuma na lura mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai kunci ya kumbura. Kafin nan an sha Panadol, an cusa kanumfari, wani har asfirin yake dannawa a dasashi, alhali ƙona naman wurin yake yi. In ka tambaya a ce ba kuɗi. Sai hira ta yi nisa gaskiya ta fito: tsoro ne.

Akwai wani a ɗakinmu, ƙato ne fa, da ya yi sati biyu ba barcin kirki ana gab da jarabawa. Yana yaro aka cire masa haƙori a kasuwa, mutum biyu na danne da shi. Irin wannan tsoron ba ragwanta ba ne, kuma yana da magani.

Na farko dai allurar kashe zafi ce, yawanci lidocaine. Cikin 'yan mintuna wurin ya mutu. Za ka ji ana taɓawa ana turawa, amma ba zafi. Sai dai in wurin ya riga ya tara mugunya, allurar ba ta kamawa sosai. Wato jinkirin da muke yi shi ke jawo mana zafin da muke gudu.

Wanda fargabarsa ta yi yawa, akwai iskar da ake kira iskar dariya, ana haɗa ta da oksijin a shaƙa ta hanci. Ba sabon abu ba ne, tun 1844 wani likitan haƙori a Amurka, Horace Wells, ya gwada ta a kansa. Idonka biyu, kana amsa magana, jiki ne kawai ke saki, kuma ana cirewa ba da jimawa ba ka dawo daidai. Sannan akwai midazolam ta jijiya. Wannan gyangyaɗi take sawa, galibi ma ba za ka tuna aikin ba. Amma dole ka zo da ɗan rakiya, ba tuƙi, ba jarabawa ranar. Su biyun duka hankali suke kwantarwa, allurar dasashi tana nan. Ba kowane asibiti ke da su ba, don haka ka tambaya tun kafin ranar.

Don Allah ku riƙa faɗa wa likita gaskiya: asma, sikila, hawan jini, juna biyu, ko murar da ta toshe hanci. In kana taɓa tiramadol ko kodin, faɗi, ai ba ɗan sanda ba ne. Haɗuwarsu da midazolam na iya danne numfashi. Kada kuma ka sayi ƙwayar barci a kemis ka sha kafin ka zo.

In kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa, ga zazzaɓi, haɗiyar yawu na gagara, wallahi kada a jira gari ya waye, yana iya toshe maƙogwaro.

Wanda ke Ibadan kuma tsoro ya hana shi zuwa, ya yi min magana, ni zan raka shi. Allah ya ƙara mana lafiya.